Yadda Ake Ziyarar Wuraren Tarihi a Council Grove, Tsohon Zangon Fatake a Jihar Kansas

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa Amurka, ko karatu ya kai su ko aiki ko ziyarar dangi, manyan birane kawai suke gani su koma. Amma tarihin yadda ƙasar ta miƙe daga gabas zuwa yamma yana ajiye ne a ƙananan garuruwan da ke tsakiyar filayen ciyawa. Council Grove na jihar Kansas ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi nake fara kai baƙo saboda ana iya zagaya shi da ƙafa. Mutanensa ba su wuce 2,000 da 'yan kai ba.

Abin da ya ba garin suna hanyar kasuwanci ce da ake kira hanyar Santa Fe. Ta tashi daga jihar Missouri ta dire a birnin Santa Fe, tafiyar kusan mil 900. Wani ɗan kasuwa mai suna William Becknell ne ya buɗe ta a 1821, lokacin Santa Fe tana ƙarƙashin Meziko, aka kuma yi ta bin ta har jirgin ƙasa ya isa can a 1880. Duk wanda ya san labarin fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro zai gane wurin nan take: zango ne. A nan amalanken da suka taso a warwatse ke haɗuwa su zama ayari ɗaya, su zaɓi madugu, su raba aikin gadi, kafin su faɗa sararin da babu gari. Iya abin da kake bukatar sani ke nan kafin ka tashi. Sauran za ka gan shi da idonka.

Kayan da za ka tanada

- Mota. Babu motar haya ko jirgin ƙasa da ke shiga garin. Kamfanonin ba da hayar mota suna son katin kiredit da lasisin tuƙi mai aiki, kuma suna ƙara kuɗi ga wanda bai kai shekara 25 ba. In ba ka tuƙi, nemi wanda zai kai ka ku raba kuɗin mai.
- Taswirar yankin, wadda ka sauke a wayarka tun kana gida. Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa tsakanin tuddai.
- Ruwan sha mai yawa, hula mai faɗi, da rigar sanyi mara nauyi ko da rana ta buɗe. Iskar Kansas ba ta hutawa.
- Takalmi rufaffe, dogon wando, safa, da maganin shafawa na korar ƙwari.
- Takardun dala ƙanana, na ɗaya da na biyar. Wasu gidajen tarihin akwatin gudummawa kawai suke ajiyewa a bakin ƙofa.
- Ga Musulmi: dadduma, gorar ruwan alwala, da kamfas na waya. Daga Kansas alƙibla tana arewa maso gabas. Mutanenmu da yawa suna fuskantar gabas sak saboda sabo.
- Guzuri. Dabino, gyaɗa, burodi, ko abin da aka dafa a gida.

1. Zaɓi lokaci, sannan ka buga waya

Watan Mayu zuwa farkon Yuni ƙasa kore shar take. Satumba da Oktoba kuma ciyawa ta gama tsawo ta koma ja-ja, zafi ya sauka, kuma ni wannan lokacin na fi so. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi. In ka ga an rubuta 95 a ma'auninsu, digiri 35 ke nan a namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi na kaiwa ƙasa da sifili, kuma wurare da dama a rufe suke. A ƙarshen Maris da Afrilu makiyaya kan cinna wa ciyawa wuta da gangan don sabuwa ta tsiro kuma itatuwa kada su mamaye filin. Abin kallo ne, amma hayaƙi kan rufe titi. In ka tarar da haka, rage gudu, kunna fitila, kada ka tsaya a tsakiyar hayaƙin.

Babban kuskuren da baƙi ke yi shi ne dogaro da lokacin buɗewa da suka gani a intanet. Yawancin waɗannan gidaje dattawa masu aikin sa-kai ne ke kula da su. Wani sai ƙarshen mako yake buɗewa, wani da rana kawai, wani kuma sai an nemi mai makulli. Kwana biyu ko uku kafin tafiya ka kira ofishin da ke kula da baƙi na garin, ka faɗa musu ranar zuwanka da wuraren da kake son shiga. Guji Litinin da Talata. In kana son taro, a watan Yuni ake bikin Washunga, inda mutanen Kaw, ƙabilar 'yan asalin yankin, ke zuwa daga Oklahoma su yi rawar gargajiya. Sai dai masauki na wuya a makon, sai ka kama ɗaki da wuri.

2. Kama hanya

Daga Kansas City awa biyu ne da ɗan wani abu. Daga Wichita bai kai awa biyu ba. In daga Kansas City ka taso, hanya biyu ce a gabanka. Babban titi mai lamba 70 ya fi sauri: ka wuce Topeka, kusa da Manhattan ka sauka kudu a titi mai lamba 177. Wani sashensa ana biyan kuɗin hanya, kuma tun 2024 ba a karɓar kuɗi a hannu. Kyamara ke ɗaukar lambar mota, kamfanin hayar ya caje ka daga baya, don haka ka tambaye su tsarinsu tun wajen karɓar makulli. Ɗaya hanyar ita ce titi mai lamba 56, wanda ya bi kusa da sawun tsohuwar hanyar fataken ta Baldwin City da Burlingame. Ya fi jan lokaci, amma shi nake ba da shawara a zuwa, domin za ka ga yadda itatuwa ke raguwa sannu a hankali, sarari na buɗewa, kamar yadda mutanen ayarin suka gani.

Ka cika tanki kafin ka bar birni. Ka lura da allon gudu, domin da zarar an shigo ƙaramin gari yakan faɗo ƙwarai, kuma a nan 'yan sanda ke tsayawa. In an tsayar da kai, kada ka buɗe ƙofa ka fita don girmamawa kamar yadda aka saba a gida. Zauna a kujerarka, sauke gilashi, ɗora hannayenka biyu a kan sitiyari, kada ka kai hannu aljihu sai an ce ka miƙo takarda. Haka kuma in motar 'yan makaranta mai launin ruwan ɗorawa ta tsaya tana walƙiya da jan fitila, tsayawa ake yi cak, ko daga gabanta kake tahowa.

3. Fara daga gabashin kogi, a kan ƙafa

Ajiye motarka a babban titin garin, ka karɓi takardar zagayen wuraren tarihi, wadda ke da lamba a kan kowane wuri. Kada ka bi lambobin ido rufe. Bi garin daga gabas zuwa yamma, yadda ayarin ke ratsa shi, sai labarin ya jeru maka da kansa.

Wurin farko kututture ne a ƙarƙashin rumfa, ragowar wata babbar bishiyar oak da iska ta kayar a 1958. Ana cewa a gindinta ne wakilan gwamnatin Amurka suka zauna da shugabannin ƙabilar Osage ranar 10 ga Agusta 1825, aka ƙulla yarjejeniyar barin 'yan kasuwa su ratsa ƙasarsu a kan dala 800. George Sibley, ɗaya daga cikin wakilan, shi ya raɗa wa wurin sunan da yake amsawa har yau. Mutane kan leƙa su ce "wannan ne kawai?" su juya. Tsaya ka dubi faɗin kututturen, ka tuna cewa kurmin irin waɗannan itatuwa ne ya tara mutane a nan. Daga kogin Neosho da ya ratsa garin zuwa yamma ba a sake samun katako mai ƙarfi da yawa. Saboda haka kowane mai amalanke sai ya sari gungume ya ɗaure a ƙarƙashin amalankensa, don ranar da sandar ƙafafun ta karye a inda ko sanda ba za a samu ba.

Kaɗan gaba akwai kututture na biyu, na bishiyar da ake cewa matafiya na ajiye wasiƙu a gindinta don masu komawa gabas su ɗauka. Ta mutu a 1990. Ginin dutsen da ke gefenta na 1864 ne, yanzu gidan tarihi ne. In a buɗe yake, shiga.

Daga nan sai mutum-mutumin wata uwa riƙe da jariri a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan, ƙaramin yaro na riƙe da zanenta. An kafa shi a 1928, ɗaya ne daga cikin 12 iri ɗaya da aka jera daga Maryland har California don tunawa da matan da suka yi ƙaura zuwa yamma. Kusa da gada kuma akwai na tagulla, na wani jarumin Kaw. Ka dube su duka biyun, domin ƙasar da wancan iyali ya zo nema ta mutanen wannan jarumin ce.

4. Sauka bakin ruwa

Kogin Neosho ba babba ba ne. Akwai hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a bakinsa. Bi ta ka tsaya inda allon ya nuna mashigin. Dubi yadda gaɓar ta kwanta da kuma duwatsun da ke ƙasan ruwan. Amalanke mai ɗauke da kaya masu nauyi, da shanu shida ko fiye a gabansa, ba ya ƙetare laka, sai inda ƙasa ke da tauri. Wannan mashigin da wancan kurmin su ne dalilin garin. Minti goma ya isa.

5. Abincin rana a Hays House

Seth Hays ya zo wurin a 1847 don ciniki da mutanen Kaw, shi ne Bature na farko da ya zauna dindindin. Tattaɓa-kunnen Daniel Boone ne, shahararren maharbi mai ratsa daji a tarihin Amurka. A 1857 ya gina gidan da har yau ake sayar da abinci a cikinsa, wanda a zamaninsa ya yi aikin shago, gidan waya, kotu, har da wurin ibada. Roƙi masu hidima su nuna maka ɗakin ƙasa, inda tsoffin duwatsu da katakon asali suke.

Game da abin da za ka ci, tambaya ba abin kunya ba ne. Naman alade kan shiga inda ba ka zata ba: cikin wake, cikin ganye, cikin romon da ake zubawa kan dankali, har kitsensa a wasu kayan fulawa. Ka ce a fili ba ka cin alade ko abin da aka dafa da kitsensa. Ba za ka samu yankan Musulmi a garin ba; mai kiyaye wannan ya nemi kifi ko dankali da ganye, ko ya ci guzurinsa a wurin shaƙatawa na bakin kogi, inda akwai tebura da inuwa, kuma nan ne ya fi daɗin shimfiɗa dadduma. Masallaci mafi kusa da na sani yana Manhattan, kusan minti 45 a mota. Farashin da ke kan takarda bai haɗa da haraji ba, kuma ana barin tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ga wanda ya kawo maka abinci. Da shi suke rayuwa, kada ka hana.

Mai yiwuwa kai kaɗai ne baƙar fata a ɗakin. Za a dube ka, wani ya tambaye ka daga ina. Amsa da fara'a. Irin wannan hirar ce ke sa wani tsoho ya ce bari ya kira mai makullin gidan da ka tarar a rufe. Matambayi ba ya ɓata.

In lokaci ya ba ka dama, leƙa gidan bulo da Hays ya gina wa kansa a 1867. A nan za ka ji labarin Sarah Taylor, baiwar da ya zo da ita, wadda ta ci gaba da zama a gidan bayan ta sami 'yanci, aka kuma binne ta kusa da shi a maƙabartar garin. Takardun yawon buɗe ido kan taƙaita zancenta. Kai ka tambaya.

6. Shagon ƙarshe da makarantar mishan

A yammacin gari akwai ɗan ƙaramin ginin dutse na 1857 da ake kira Last Chance Store. Na wani lokaci shi ne shagon ƙarshe da matafiyi zai sayi gishiri, gari ko harsashi kafin tafiyar ɗaruruwan mil. Ko a rufe ka same shi, zagaya ka dubi kaurin bango da ƙanƙantar tagogi.

Wurin da za ka fi daɗewa shi ne Kaw Mission, ginin dutse mai hawa biyu a arewacin babban titi. Mutanen Kaw, ko Kansa, su ne jihar ta ci sunansu. Bayan yarjejeniyar 1846 aka matso da su yankin nan. Cocin Methodist ya gina makarantar ya buɗe ta a 1851 don koyar da 'ya'yansu maza karatu da noma irin na Turawa. Iyayen ba su amince ba, domin sun ga ana so ne a raba yaran da harshensu da al'adarsu. Yawanci marayu aka tura. A 1854 aka rufe ta. Karanta allunan da ke ciki a tsanake, kada ka tsaya ga hotuna. Ka ware awa guda.

7. Fita zuwa ƙasar Kaw

Nan ne da yawa ke tsallakewa saboda gajiya, kuma a ganina wanda ya tsallake nan rabin labari ya ji. 'Yan mil kaɗan kudu maso gabashin gari akwai filin tunawa da Allegawaho, shugaban Kaw da ya yi tsayin daka a kan korar su. A nan ƙauyensu na ƙarshe a Kansas yake kafin gwamnati ta kwashe su zuwa Oklahoma a 1873, lokacin yunwa da cututtuka sun mai da su 'yan ɗaruruwa. Filin yanzu mallakar al'ummar Kaw ne.

Akwai hanyar ƙafa ta kusan mil biyu. Za ka ga kangayen ɗakunan dutse da gwamnati ta gina musu a farkon shekarun 1860. Ba su so su ba, suka zuba dabbobinsu a ciki suka ci gaba da zama a gidajensu na gargajiya. A kan tudu akwai doguwar hasumiyar dutse ta 1925, inda aka binne ƙasusuwan wani jarumin Kaw da ba a san sunansa ba. Akwai kuma wani ƙaton jan dutse mai alfarma a wurinsu, wanda Turawa suka ɗauke suka kafa a birnin Lawrence a 1929, aka dawo musu da shi nan a 2023. Charles Curtis, wanda ya zama mataimakin shugaban Amurka daga 1929 zuwa 1933, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a wannan yanki wajen kakanninsa na Kaw.

Ka shiga da ladabin da za ka shiga maƙabarta. Kada ka hau dutse, kada ka ɗauki ko tsakuwa, kada ka kunna waƙa. In ka tarar da taro, nemi izini kafin hoto. Sashen hanyar zuwa wurin tsakuwa ce. Bayan ruwan sama ka tambaya a gari kafin ka shiga da ƙaramar mota.

Kafin ka taka ciyawa, cusa bakin wandonka cikin safa ka fesa magani a idon sawu. Akwai kaska, akwai kuma wasu jajayen ƙwari ƙanana da ido ba ya kama su, waɗanda ba za ka ji cizonsu ba sai washegari ƙaiƙayi ya hana ka barci. Da ka koma masauki, yi wanka ka duba jikinka, musamman bayan gwiwa da ƙugu.

8. Nemi sawun amalanke da yamma

Yammacin gari akwai wuraren da sawun ayarin bai ɓace ba. Tambayi masu kula da Kaw Mission wanne ake barin baƙi su tsaya. Kada ka sa ran ganin layi biyu na taya. Abin da ya rage kwari ne mai faɗi mara zurfi, wani lokaci uku ko huɗu a jere, ciyawa ta rufe su. Da tsakar rana ba za ka ga komai ba. Jira sai rana ta karkata bayan la'asar, inuwa ta kwanta a cikinsu, sai su fito fili suna hawa tudu.

Gargaɗi mai muhimmanci: kusan duk filin da ka gani na wani ne, ko babu gida a kusa. Kada ka tsallake waya, kada ka buɗe ƙofar makiyaya. In ka ga shuɗin fenti mai ja-ja a jikin turke ko bishiya, alama ce ta mai fili cewa sai da izininsa. Kalla daga bakin titi.

9. In za ka kwana

Akwai tsohon otal na Cottage House a cikin gari, wanda asalinsa ya koma 1867. In ya cika, Emporia na da masaukai da yawa. Ka sayi abincin dare da wuri, domin garin kan yi tsit tun ƙarfe takwas.

Washegari ka yi sammako ka bi titin 177 kudu, bai kai mil 20 ba, zuwa gandun ciyawa na ƙasa da ke kusa da Strong City, wanda aka kafa a 1996. Shiga kyauta ne. Irin wannan doguwar ciyawa ta taɓa rufe eka miliyan 170 a Arewacin Amurka. Abin da ya rage bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, yawancinsa a waɗannan tuddai, saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasar sun hana garma shiga. Akwai gidan makiyayi na dutse na 1881, da ƙaton rumbun dabbobi mai hawa uku, da makaranta mai ɗaki ɗaya ta 1882. Akwai garken ɓaunar Amurka da aka dawo da shi a 2009. Za ka gan su suna kiwo a natse kamar shanun gida, amma sun fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Kada ka matsa ƙasa da mita 100, kuma in suna kan hanya, kai za ka kauce ko ka juya.

10. Sama da hanyar komawa

Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Duba hasashen yanayi da safe da kuma bayan azahar. In ka ji jiniyar gari ko wayarka ta yi ƙara da gargaɗi, shiga gini mafi kusa ka nemi ɗakin ƙasa ko ɗakin tsakiya mara taga. Kada ka fake ƙarƙashin gada, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo.

Ka yi ƙoƙarin barin ƙananan tituna kafin magariba, domin a lokacin ne barewa ke tsallaka titi, kuma in ɗaya ta wuce, wata na biye. Taka birki a miƙe, kada ka murɗa sitiyari.

Wanda ke da rabin yini kawai ya yi mataki na 3 da na 4 cikin awa ɗaya, ya ci guzurinsa a mota, ya ba Kaw Mission da filin Allegawaho sauran lokacin.